Ikwatoriyal Gini: Tambayoyi da Amsoshi kan Maƙwabciyarmu Mai Jin Sifaniyanci

Yawancinmu ba mu jin sunan Ikwatoriyal Gini sai an zo gasar cin kofin Afirka, ko kuma ana lissafin shugabannin da suka daɗe a kan mulki. Alhali ƙasa ce da ke dab da mu: ruwanta ya haɗu da na Najeriya da na Kamaru, kuma da gumin 'yan Najeriya aka noma dukiyarta ta farko. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Ina take? Ita ce Ginin da Konakiri ke ciki?

A'a. Gini uku ne a Afirka. Akwai ta Konakiri wadda Faransa ta mulka, da Gini Bisau ta Turawan Fotugal, sai wannan da Sifaniya ta riƙe. Biyun farko suna can yammacin Afirka, ita kuwa tana tsakiyar Afirka a bakin Tekun Atlantika.

Ƙasar rabe take. Babban yankinta, Rio Muni, yana kan tudu, Kamaru ta arewa, Gabon ta gabas da kudu. Sai tsibirai: Bioko, wanda ya fi girma kuma bai wuce kilomita talatin da 'yan kai daga gaɓar Kamaru ba, Annobon can kudu mai nisa, da ƙanana irin su Corisco da Elobey biyu. Daga Malabo, a tsibirin Bioko, Kalaba ta fi kusa a kan Bata, birni mafi girma a yankin tudu. Annobon kuwa ya haura kilomita 600 daga Malabo, har wata ƙasa daban, Sao Tome da Principe, tana tsakaninsu.

Yaya girmanta, kuma mutum nawa ne a ciki?

Faɗinta kusan murabba'in kilomita 28,000 ne, wato ta ɗara jihar Katsina da kaɗan. Ƙidayar 2015 ta nuna mutum miliyan 1.2, kuma ƙiyasin baya-bayan nan bai kai miliyan biyu ba. Birnin Kano kaɗai ya ninka ta jama'a.

Wanne ne babban birni?

Malabo ne ya daɗe yana riƙe da wannan matsayi tun samun 'yancin kai. Sunansa na Turawa Santa Isabel, sai a 1973 aka sa masa sunan wani sarkin ƙabilar Bubi. Amma gwamnati ta sare daji a tsakiyar Rio Muni ta gina sabon birni, wanda aka fara sani da Oyala, daga baya aka raɗa masa Ciudad de la Paz, domin ya zama mazaunin mulki, kuma a Janairun 2026 aka ayyana shi babban birnin ƙasar. Shugaba Obiang bai ɓoye ɗaya daga cikin dalilansa ba: birnin da ke bakin teku yana da sauƙin kai wa hari ta ruwa. Sabon birnin yana da manyan tituna da jami'a da katafaren otal tun kafin ya sami mazauna, kuma bai da nisa da Mongomo, mahaifar dangin shugaban.

Yaya aka yi Sifaniyanci ya zo nan?

Musayar ƙasa aka yi tsakanin Turawa. 'Yan Fotugal ne suka fara isowa wajen 1472, ƙarƙashin wani matuƙin jirgi Fernao do Po, wanda tsibirin ya daɗe yana amsa sunansa, Fernando Po. A 1778 Fotugal ta miƙa wa Sifaniya tsibirin da Annobon a yarjejeniyar El Pardo, ita kuma aka daidaita mata iyakokinta a Kudancin Amurka. Sifaniya na neman wurin da za ta riƙa ɗibar bayi da kanta ba sai ta saya a hannun wasu ba. Zazzaɓi ya karkashe mutanen da ta fara turowa, ta yi watsi da wurin shekaru da dama.

A wannan giɓi ne Ingila ta shigo. A 1827 ta kafa sansani a inda Malabo yake yau, ta kira shi Port Clarence, jiragenta na yaƙi suna tare jiragen masu fataucin bayi suna sauke waɗanda suka 'yanto. Daga tsibirin ne John Beecroft, ƙaramin jakadan Ingila, ya riƙa tsoma baki a harkokin Kalaba da Bonny da Legas. Wato wani ɓangare na shirin mamaye kudancin Najeriya a Fernando Po aka ƙulla shi.

Sifaniya ta dawo da gaske a tsakiyar ƙarni na 19. Yankin tudu kuwa sai a 1900 aka shata masa iyaka da Faransa, kuma sai cikin shekarun 1920 sojojin mulkin mallaka suka ratsa dajin ƙabilar Fang. 'Yan mishan na Katolika ne suka riƙe makarantu, su suka dasa harshen. An sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968. Yau ita kaɗai ce cikin ƙasashen Afirka da ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya da Sifaniyanci ke harshen gwamnatinta.

Talakawa ma suna jin Sifaniyancin, ko na ofis ne kawai?

Suna ji. Mafi yawan mutanen ƙasar suna magana da shi, a makaranta da kasuwa da coci da cikin tasi. An ƙara Faransanci cikin harsunan gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, aka ƙara harshen Fotugal a 2010, amma dukansu biyun siyasar neman abokai ce ta kawo su. Faransanci yana da ɗan amfani saboda yawan 'yan Kamaru da Gabon da Mali. Na Fotugal kusan a takarda ya tsaya.

Wanda ya iya burokan Inglishi na Najeriya zai sha mamaki a Malabo. Akwai harshen da suke kira Pichi, ɗan'uwan Kiriyo na Saliyo, wanda zuriyar 'yantattun bayi suka kawo, leburorin Najeriya suka ƙara masa ƙarfi. Da shi ake ciniki da zolaya a unguwannin talakawa. A Bata da ƙauyukan tudu kuwa Fang ne ke tashe.

Su wane ne mutanen ƙasar?

Fang su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, sun haura kashi 80 cikin ɗari, kuma danginsu na nan a arewacin Gabon da kudancin Kamaru. Ta wajen uba suke ƙirga dangi. A tsakiyar kowane ƙauyensu akwai rumfar da ake kira abaa, inda maza ke zama su ci abinci tare, su sasanta rigima, su karɓi baƙo. A nan ne makaɗin mvet yake raba dare yana rera tarihin jarumai, da wani kayan kiɗa na sandar gora mai tsirkiya da ƙoƙuna a ɗaure.

Bubi su ne 'yan asalin Bioko, kuma ta wajen uwa suke bin dangi. Sun daɗe suna ƙin yi wa Turawa aikin gandu, cututtukan da baƙi suka kawo kuma suka rage yawansu ƙwarai. Lokacin da ake shirin 'yanci da yawansu sun nemi a ware musu tsibirinsu, ba a yi ba. Yanzu su ne marasa rinjaye a ƙasar kakanninsu, kuma bayan wani hari da aka kai wa jami'an tsaro a Janairun 1998 an kama ɗaruruwansu an azabtar. Wannan miki bai warke ba.

Sai Ndowe da Bisio na bakin teku, masunta ne. Sai mutanen Annobon, masu harshensu na daban da ya samo tushe daga na Fotugal, waɗanda suka fi kowa kukan an manta da su. Sai Fernandino, zuriyar mutanen Port Clarence, waɗanda a dā su ne attajiran koko.

An ce 'yan Najeriya sun taɓa cika tsibirin. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma labari ne da ya kamata a ce ana koyar da shi a makarantunmu.

Ƙasar Bioko ta dutse mai aman wuta ce, baƙa mai albarka, ga ruwan sama. Kokon da ake cakulan da shi yana yi sosai a wurin, har ana sa na Fernando Po cikin mafi kyau a duniya. Ana ma danganta farkon yaɗuwar noman koko a Ghana da irin da Tetteh Quarshie ya ɗauko daga tsibirin a shekarun 1870. Abin da Turawan gandu suka rasa shi ne hannun aiki. Sun fara ɗebo mutane daga Laberiya, sai da abin ya zama abin kunya: binciken ƙasa da ƙasa ya gano ana tura su ne a kan tilas, har shugaban Laberiya Charles King ya sauka a 1930. Daga nan ido ya koma kan kudu maso gabashin Najeriya. Da farko dillalai ke yaudarar samari su tsallaka da su a kwalekwale da dare. A 1942 Ingila da Sifaniya suka sa hannu a yarjejeniyar ɗaukar leburori, aka riƙa loda su a jirgin ruwa daga Kalaba. Mafi yawansu Ibo ne da Ibibiyo da Efik. Zuwa shekarun 1960 sun kai dubun-dubata, har sun fi 'yan asalin tsibirin yawa.

Aikin ba na wasa ba ne. Lebura zai shiga gandu da asuba da adda da doguwar sanda mai ƙugiya, ya tsinko 'ya'yan koko, a tara, a fasa kowanne a kwashe ƙwayar da farin ruwanta mai yauƙi. A zuba a akwatuna ta kwana biyar ko shida tana tsima. Da yake rana ba ta isa a shanya ba, sai a baza ta a kan wani dogon dandamali da ake hura wa itace ta ƙasa, mutum na tsaye cikin hayaƙi da zafi yana juya ta dare da rana don kada ta ƙone. Ana riƙe wani kaso na ladan sai kwantiragi ya ƙare, don kada mutum ya gudu. Bulala kuwa ba baƙuwa ba ce. Jaridun Legas sun sha kwarmata zancen.

Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga filin jirgin Santa Isabel ƙungiyar Red Cross ta riƙa tashi da kayan agaji zuwa Biyafara, kafin sabuwar gwamnatin ƙasar ta dakatar da ita a farkon 1969. Bayan 'yanci halin leburorin ya ƙara muni: ba albashi, ga duka, ga kisa. A ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tura jiragen ruwa da na sama ta kwaso su. Kokon da ya haura tan 30,000 a shekara kafin 'yanci ya faɗo zuwa 'yan dubbai, kuma bai sake tashi ba har yau.

Me ya faru bayan 'yancin kai har ake cewa ƙasar ta ga bala'i?

Francisco Macias Nguema ne ya ci zaɓen 1968. Cikin 'yan watanni ya fara kashe abokan hamayyarsa, a 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada. Ya tsani masu ilimi, ya rufe makarantun mishan, daga baya ya rufe coci-coci. Ya sa an lalata kwalekwalen masunta don kada mutane su tsere, a ƙasar da kifi ne abincinta. Da leburorin Najeriya suka tafi, sai ya sa aka riƙa kamo 'yan ƙasa daga ƙauyuka ana kai su gandu a kan dole. Kuɗin baitulmali ma gidansa na ƙauye ya kwashe ya kai. Ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar ko dai an kashe su ko sun yi gudun hijira zuwa Kamaru da Gabon da Sifaniya. Gwamnatin Janar Franco a Sifaniya kuwa sai ta hana jaridunta buga labarin ƙasar, shi ya sa duniya ta san Idi Amin amma ba ta san Macias ba.

Ranar 3 ga Agusta, 1979, ɗan danginsa Teodoro Obiang Nguema Mbasogo, wanda ke cikin manyan hafsoshinsa, ya kifar da shi. Aka yi masa shari'a a wani gidan silima a Malabo, aka harbe shi a ƙarshen Satumba.

Wane ne ke mulki yanzu?

Shi dai Obiang ɗin. Babu shugaban ƙasa mai ci a duniya, in ban da sarakuna, da ya kai shi daɗewa. An halatta jam'iyyu tun farkon shekarun 1990, amma jam'iyyarsa ta PDGE ce ke lashe kusan kowace kujera, shi kuma bai taɓa samun ƙasa da kashi 90 ba. A zaɓen Nuwamban 2022 an ba shi kusan kashi 95. Ɗansa Teodoro Nguema Obiang Mangue, wanda aka fi sani da Teodorin, shi ne mataimakin shugaban ƙasa tun 2016. Jarida mai zaman kanta kusan babu, kuma sunan gidan yarin Black Beach kaɗai ya isa ya sa mutum ya kama bakinsa.

An sha yunƙurin kifar da shi. Wanda ya fi shahara shi ne na Maris 2004, lokacin da aka kama jirgin sojojin haya a Harare ƙarƙashin wani tsohon sojan Ingila, Simon Mann, aka kuma ci tarar Mark Thatcher, ɗan tsohuwar firaministar Ingila, kan taimaka musu da kuɗi. Waɗannan ba don tausayin talakan Malabo suka taso ba, man fetur suka hango. A ƙasar ne kuma tsohon shugaban Gambiya Yahya Jammeh ya sami mafaka tun Janairun 2017.

Shin da gaske ƙasa ce mai arziki?

Ƙasar tana da arziki, mutanenta ba su da shi. A 1995 kamfanin Mobil ya gano rijiyoyin Zafiro a teku, kusa da iyakar ruwan Najeriya, aka fara haƙa a 1996. Rijiyoyin Ceiba suka biyo baya. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 ana fitar da ganga sama da 350,000 a rana, ƙasar ta zama ta uku a kudu da Sahara bayan Najeriya da Angola. A 2007 aka buɗe masana'antar mayar da iskar gas ruwa a Punta Europa, gefen Malabo. In aka raba kuɗin shigar ƙasar a kan kowane mutum, akwai shekarun da ya haura dala 20,000, ya fi na kowace ƙasa a Afirka.

Amma rabon a takarda yake. Wani bincike na 2006, ana tsakiyar wadatar, ya nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na jama'a suna cikin talauci. Ƙungiyar Human Rights Watch ta duba kasafin kuɗin ƙasar a 2017 ta ce kusan kashi 80 na tafiya a gine-gine, lafiya da ilimi kuwa kashi biyu zuwa uku kowanne a shekarun da ta samu alƙaluma. Tituna kam an yi, masu kyau, da filayen jirgi da tashoshin ruwa da wutar lantarki, wannan ba a musu. An gina Sipopo, unguwa guda ta gidajen alfarma sama da hamsin, don saukar shugabannin da suka zo taron Tarayyar Afirka na 2011. Amma a unguwanni irin su Campo Yaunde cikin Malabo, mutane na zaune a ɗakunan katako da kwano, yara na jido ruwa a jarka.

Inda sauran kuɗin ya bi kotunan waje ne suka tona. A 2004 majalisar dattawan Amurka ta bankaɗo asusun kusan dala miliyan 700 na gwamnatin ƙasar da iyalan shugaban a bankin Riggs na Washington. A 2014 Teodorin ya amince ya sallama kadarorin kusan dala miliyan 30 a Amurka. A 2017 wata kotu a Faris ta same shi da laifin wawure dukiyar jama'a. A 2019 Suwizalan ta yi gwanjon motocinsa na alfarma 25 a kan kusan dala miliyan 27. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanƙantar jama'ar: mutum miliyan ɗaya da 'yan kai ne fa. Da an so, da babu yaron da zai mutu don rashin allurar rigakafi a ƙasar nan.

Yanzu rijiyoyin sun fara ƙafewa. Abin da ake haƙa ya yi ƙasa da ganga 100,000 a rana, tattalin arzikin ya shafe shekaru yana tsukewa tun faɗuwar farashin mai a 2014, kuma ExxonMobil ya tattara ya bar wa kamfanin gwamnati GEPetrol a 2024. Shi ya sa suke neman iskar gas ta maƙwabta don masana'antarsu kada ta tsaya. A Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya je Malabo aka sa hannu kan shimfiɗa bututun gas daga Najeriya.

Abu ɗaya da kuɗin mai ya yi wanda ya cancanci yabo shi ne yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Bioko. Tun 2004 ake feshin gidaje da rabon gidan sauro, kuma cutar da a lokacin ake samu a jinin kusan rabin yaran tsibirin ta ragu ƙwarai.

Akwai Musulmi? Akwai Hausawa?

Akwai, amma 'yan kaɗan ne. Mafi yawan jama'a Kiristoci ne mabiya Katolika; Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarce su a 1982, kuma cocin Mongomo na cikin mafi girma a Afirka. Musulmi ba su wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba, akasarinsu baƙi daga Kamaru da Najeriya da Mali da Senegal da sauransu. Fataken Hausawa na cikin waɗanda suka fara kai Musulunci can tun zamanin Turawa, ta hanyar Kamaru suka gangara, kamar yadda suka yi a Gabon. Akwai babban masallaci a Malabo da aka buɗe a 2015, akwai masallatai a Bata, ana sallar Juma'a da ta Idi a fili.

Maganar yanka ce ke buƙatar kula. Naman daji ya yawaita a kasuwa, alade da giya kuma ba a ɓoye suke ba. Musulmi kan nemi mahautan 'yan'uwansu, ko su tsaya a kifi, wanda ga shi nan a wadace.

Me suke ci?

Rogo da agada da gwaza da kifi, sai shinkafa a birane. Ana jiƙa rogo ya yi tsami, a daka, a naɗe shi dogo-dogo a ganye a dafa, a yanka ana dangwalar miya. Miyar gyaɗa tana da farin jini, haka ma wata miya mai duhu da ake yi da ƙwallon mangwaron daji, irin wanda 'yan kudancin Najeriya ke kira ogbono. Farfesun kifi mai barkono, pepesup, gadon zama da leburorin Najeriya da mutanen gaɓar teku ne. Kifi kan sha yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa. Daga Sifaniya kuma suka ɗauki burodi da wainar ƙwai da dankali.

Yaya yanayin wurin yake?

Zafi da gumi da ruwa. Ƙauyen Ureka a kudancin Bioko yana samun ruwan sama sama da milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Afirka. Dutsen Basile da ke saman Malabo ya kai mita 3,000, garin Moka na kan tudu kuwa har sanyi ake ji. Dajin Monte Alen na da giwaye da goggon biri da kwaɗo mafi girma a duniya, kunkurun teku kuma na fitowa yin ƙwai a gaɓar kudancin Bioko. Farautar birai don sayarwa a kasuwar Malabo da sare itacen okume zuwa ƙasar Sin su ne ke cinye wannan dukiya.

Ina so in je neman kuɗi. Me ya kamata in sani?

Da farko, ba ta cikin ECOWAS. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza, da fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara. Tana cikin ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, CEMAC, tare da Kamaru da Chadi da Gabon, kuma a takarda 'yan waɗannan ƙasashe suna da 'yancin shiga, amma iyakarta da Kamaru ta Kye-Ossi da Ebebiyin ta sha rufuwa ba tare da sanarwa ba.

Biza ba izinin zama ba ce. Takardar zama tana da tsada da wahalar samu, shingayen jami'an tsaro sun yi yawa, kuma lokaci-lokaci akan yi samame a kama baƙin da ba su da takarda, a tsare su a kora. Masu takardar ma ba su tsira daga tatsa ba. Kada ka yarda da dillalin da zai ce zai tsallaka da kai ta kwalekwale daga Oron ko Limbe. Ruwan ya ci mutane, wanda ya isa kuma ya isa a matsayin mai laifi.

Kuɗinsu sefa ce tun 1985, irin ta Kamaru da Chadi. Darajarta ɗaya da ta Nijar amma takardun daban suke, sai an canza. Rayuwa da tsada, domin tumatir da albasa ma daga Kamaru ake shigo da su, kuma aikin gine-ginen da ya ja dubban baƙi a shekarun baya ya ja baya tare da kuɗin mai. Kada ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ko bariki ko filin jirgi ko tashar ruwa, kada kuma ka sa baki a siyasarsu ko da a hira. Najeriya na da ofishin jakadanci a Malabo da ƙarami a Bata. Agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar.

Akwai zaman lafiya?

Babu yaƙi, babu 'yan bindiga a daji, fashi da makami bai yi yawa ba. Shirun na tsoro ne, amma matafiyi zai iya yawo. Babban bala'in da ya auku a baya-bayan nan sakaci ne ya jawo shi. Ranar Lahadi 7 ga Maris, 2021, rumbun nakiyoyi ya yi bindiga a barikin Nkoantoma da ke Bata, ya rusa unguwanni, mutum sama da 100 suka mutu, sama da 600 suka jikkata. Gwamnati ta ce wutar da manoma suka cinna a gonakin kusa ce ta isa wurin da aka jibge makaman ba bisa ƙa'ida ba. A 2023 kuma cutar Marburg ta ɓulla a yankin tudu, aka shawo kanta cikin 'yan watanni. Rigimarsu da Gabon kan tsibirin Mbanie a kotu aka kashe ta: a Mayun 2025 Kotun Duniya ta ba Ikwatoriyal Gini gaskiya.

Ƙwallo fa? Yaya ƙaramar ƙasa haka take ba manya wahala?

Suna kiran ƙungiyarsu Nzalang Nacional. Sun karɓi baƙuncin kofin Afirka tare da Gabon a 2012, suka sake karɓa su kaɗai a 2015 bayan Maroko ta janye saboda tsoron Ebola, suka ƙare a na huɗu. A Janairun 2022 suka doke Aljeriya da ci ɗaya, suka katse mata wasa 35 da ta jera ba a ci ta ba. A gasar da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 sun yi kunnen doki 1-1 da Najeriya, suka lallasa masu masaukin baƙi 4-0, kyaftin ɗinsu Emilio Nsue ya fi kowa zura ƙwallo da guda biyar.

Sirrin shi ne 'ya'yan waɗanda suka yi hijira. Da yawa daga cikin 'yan wasan a Sifaniya aka haife su, a can suka koyi ƙwallo, iyayensu ko kakanninsu ne suka bar gida. Hukumar ƙwallon ƙasar ta kuma sha hukuncin FIFA da CAF kan sa 'yan wasan da ba su cancanci buga mata ba. Matansu ma ba baya ba: su ne suka fara karɓe kofin Afirka na mata daga hannun Najeriya a 2008, bayan sun fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, suka sake ɗauka a 2012, duka biyun a gida.